Injiniya da Gidan da Hukuma Ta Ɗaure

A layinsu babu mai kiranta da sunan da aka raɗa mata. Injiniya ake ce mata, kuma da tsokana sunan ya samo asali. Mahaifinta mai gyaran firji ne. Shagonsa a jikin gida yake, ƙofa ɗaya tana kallon titi, ɗayar tana buɗewa tsakar gida. Tun tana ƙarama, in aka aike ta kai masa abinci ba ta dawowa da wuri. Sai ta tsuguna gefe tana kallon yadda yake kwanciya a bayan firji yana kasa kunne, yana shafa bututun jan ƙarfe da bayan hannu don ya ji inda sanyi ya tsaya. Kafin ta gama firamare ta san sifanar kowane noti, ta kuma san ƙarar injin da ya kusa mutuwa. Abokan Baba in sun zo hira su same ta da baƙin mai har gwiwar hannu, sai su ce ashe injiniyar gidan tana nan. Yayanta da ƙanenta kuwa, ko hanyar shagon ba sa son bi.

Baba mutum ne mai fara'a, amma in ya kafe a kan magana sai dai a ƙyale shi. Akwai kuɗin ƙasa da hukuma ke karɓa duk shekara a kan gida da shago, kuma da can yana biya kamar kowa. Wata damina kwatar da ke gaban shagon ta toshe, ruwa ya shigo ya lalata firjin mutane da ke jiran gyara, shi kuma ya biya su daga aljihunsa. Ya yi ta zirga-zirga yana neman a zo a gyara kwatar, babu wanda ya leƙo. Tun daga ranar ya rantse hukuma ba za ta ƙara ganin ko sisinsa ba. Ba ɓoyewa yake yi ba. Duk shekara in an kawo takardar biya, a gaban wanda ya kawo zai ninke ta ya tura ƙarƙashin ƙafar teburinsa mai rawa, ya ce ga amfaninta nan. 'Yan layi su yi ta dariya, Injiniya ma tana taya su. Inna kaɗai ce ba ta dariya.

Da ta yi aure ta koma ɗakunan haya a wancan ƙarshen gari. Mijinta direban babbar mota ne, mutum mai sanyin hali, wanda in ya yi tafiya sai ya kwana biyu a hanya. Zaman jira bai karɓe ta ba. Ta fara da gyara wa matan gidan hayar firjinsu kyauta, daga nan ta sayi matattun firiza guda biyu a wurin masu gwangwan, ta farfaɗo da su, ta shiga ƙulla ruwa a leda tana sayar da ƙanƙara. Da abin da ta samu ta ɗauke wa mijin kuɗin makarantar yara, shi kuma bai taɓa jin kunyar faɗin haka a cikin mutane ba.

Ana cikin haka Baba ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye. Shago ya rufe, firjin mutane suna ciki. Injiniya ta zo ta buɗe. Da farko masu kaya sun yi ta jan ƙafa, wasu ma suka zo da kura suka kwashe nasu, wai ba za su bar wa mace injin da suka sha wahalar saye ba. Ba ta yi musu da kowa ba. Ta sa aka riƙa fito da Baba a kujera bakin ƙofar ciki, tana aiki yana kallo, in ta yi daidai ya ɗaga hannunsa mai lafiya, in ta kauce ya buga sanda a ƙasa. Waɗanda suka bar kayansu suka karɓa yana sanyi, labari ya zaga. Daga baya ta kwaso firizojinta ta jera a shagon, domin wutar da Baba ya ja wa shago mai ƙarfi ce, ga kuma rijiya a tsakar gida. Lokacin da Allah ya yi wa Baba rasuwa, wurin ya riga ya koma rabi shagon gyara rabi gidan ƙanƙara. Masu lemo da masu sayar da ruwa sukan yi layi da kulolinsu tun da hantsi.

Bayan rasuwar da 'yan shekaru, Yaya ya ɗauko maganar sayar da gida. Shi kayan gyaran mota yake sayarwa, kuma kasuwa ta juya masa baya, jarinsa ya karye. Auta, ƙanenta, kuwa ya gaji da tuƙa motar wani, yana son tasa ta haya. Suka ce Inna ta koma gidan Yaya, a sayar a raba, kowa ya ja da abin da Allah ya ba shi. Injiniya ta ji maganar har cikin ƙashinta, amma ba ta ga laifinsu ba. Haƙƙinsu ne, ita kuma ba ta da abin sayen rabonsu. Ta ce ba za ta tare wa kowa hanya ba. Ta shiga yawon neman wani shagon, sai dai inda ta samu wuta babu ruwa, inda ta samu ruwa wutar ko fanka ba ta juyawa da kyau.

Wani dillali ya kawo mai saye, wani mai kuɗi da ke son rushe gidan ya tada bene na shaguna. An yi ciniki, an daidaita, saura lauyan mutumin ya je ofishin filaye ya duba takardu. Yaya har ya fara yi wa masu ba shi kaya alkawari.

Wata rana da la'asar Injiniya tana fasa ƙanƙara tana zuba wa wata mai lemo a buhu, sai ga Yaya ya shigo ko sallamar kirki babu. Ya jira mai lemon ta fita, sannan ya zauna a kan wata matacciyar firiza ya cire hula ya riƙe a hannu. Ya ce ciniki ya watse. Lauya ya tarar hukuma ta ɗora hannu a kan gidan saboda kuɗin ƙasan da Baba ya ƙi biya. Shekara da shekaru sun taru, tara ta hau kai, tarar ma ta haihu. An rubuta a jikin rajistar gidan cewa ba a sayar da shi, ba a jinginar da shi, ba a canja masa suna, sai an sauke wannan nauyin. Mai saye ya ce shi ba ya sayen rigima.

"Dariyar da muka yi ta yi, ga ta nan ta dawo mana," in ji Yaya. "Ke da Baba kuka fi kowa jin daɗin abin."

Ta san gaskiya ya faɗa. Ta miƙa masa ruwa mai sanyi, ta tambaye shi ko ya je ofishin harajin da kansa ya ji daga bakinsu. Ya ce wane shi, ya kai kansa a riƙe shi? Ta ce to ita za ta je.

Washegari ta wanke hannu da omo har sau biyu, baƙin man ya ƙi fita daga ƙarƙashin farce, ta bar shi haka ta tafi. Ofishin wani dogon gini ne mai benci a baranda, fankar sama tana juyawa da kyar tana kuka, har Injiniya ta ji hannunta yana ƙaiƙayin a ba ta tsani. An tura ta daga wannan tebur zuwa wancan, daga ƙarshe aka nuna mata ɗakin wani jami'i mai farin gilashi, wanda ma'aikatan wurin ke kira Mai Tabarau. Ya nemo fayil ɗin gidan, ya juya mata takardar ta ga jimillar da idonta. Sai da ta gyara zama. Kuɗin ya fi abin da shagonta ke kawowa a shekara, ya fi shi nesa.

Ta tambaya ko an ƙwace gidan ke nan. Ya ce a'a, gidan nasu ne, su zauna, su yi sana'arsu. Hukuma ta dai riƙe wuyansa ne, ita ce farkon wadda za a biya duk ranar da gidan ya zama kuɗi. Amma in aka ci gaba da yin shiru, akwai ranar da za ta nemi izinin kotu ta yi gwanjonsa. Injiniya ta ba shi labarin kwata da firjin da ruwa ya ci, ba don tana sa ran wani abu ba, sai don kada a ce an yi maganar Baba ba a faɗi dalilinsa ba. Mai Tabarau ya saurara har ƙarshe. Ya ce ya yarda an cuci tsohon, amma masu kwata suna hawa na sama, shi na kuɗi ne.

Sai ta tambaye shi abin da ya kawo ta: ko ana karɓar biya kaɗan-kaɗan. Ya ɗago ya dube ta sosai. Ya ce ana yi, kuma wanda ya kawo kansa ba a kamo shi ba, akan rage masa wani abu daga tarar. Sharaɗin shi ne duk magada su sa hannu, mutum ɗaya ya ɗauki nauyin biya kowane wata, kuma ba a tsallake wata. Ta ce ya rubuta mata abin da zai kama duk wata. Ta fito tana lissafin buhunan ƙanƙara a ka, kafin ta kai bakin titi ta san abin da za ta gaya wa 'yan uwanta.

Amma dillali ya riga ta. Ya samu Yaya ya ce masa mai sayen ya yi tunani, zai taimaka: zai biya hukuma da kansa, ya ɗauki gidan, ya ba su abin da ya rage. Abin da ya rage ɗin kuwa, da aka faɗe shi, bai kai rabin cinikin farko ba. Dillali ya ce gida mai bashin hukuma ba shi da daraja, gara su karɓa kafin a yi gwanjo su tashi a tutar babu.

Aka taru a ɗakin Inna, aka kira Kawu, ƙanen Inna, ya zama shaida. Yaya ya faɗi tayin dillali, ya ce shi ya gaji, a karɓa. Injiniya ta bar shi ya gama, sannan ta shimfiɗa nata. Ita za ta ɗauki bashin hukuma gaba ɗaya a wuyanta. In ta gama an saki gidan, a kira masu kima su yi masa kuɗi na gaskiya, a cire abin da ta biya, ta sayi rabon Yaya da na Auta a hankali. Inna ta zauna a ɗakinta. Abin da take roƙo kawai shi ne haƙuri.

Yaya ya ce haƙuri ba ya biyan masu binsa kuɗin kaya. Ya ce in ta gaza a tsakiya fa? A lokacin ko tayin dillalin ba za su samu ba. Auta ya ce shi dai ya san yayarsa ba ta taɓa cewa za ta tada inji ya ƙi tashi ba, kuma rabin kuɗin nan ko tayar mota mai kyau ba zai saya masa ba. Kawu ya juya wajen Inna, ya ce ita ba ta ce komai ba. Inna ta ɗago ta dube su.

"Shekara nawa ina cewa a je a biya, babu mai ji na," in ji ta. "Yau an samu mai cewa za ta je. Ku bar ta ta je."

Yaya ya sa hannu, amma ransa bai so ba. Ya fita bai tsaya cin abinci ba, kuma daga ranar ya ɗauke ƙafa daga shagon. In ya zo gaida Inna ta ƙofar gida yake shiga, ta can yake fita.

Injiniya ta san ƙanƙarar masu lemo kaɗai ba za ta ɗauki wannan kaya ba. Ta je kasuwa wurin mata masu sayar da ɗanyen kifi, waɗanda kullum suke asarar abin da ya kwana. Ta ce su kawo mata ajiya, kowa da kwandonta da alamarta, su biya ta duk mako. Ta sayo wasu matattun firizojin ta tashe su, ta fasa bangon ɗakin da Baba ke tara tarkace ta haɗe shi da shago. Ita da mijin suka bar gidan haya suka dawo ɗakunan baya, kuɗin hayar ya koma bakin bashi. Shi ma ya bar dogon zango, ya samu ƙaramar mota yana kai ƙanƙara wuraren biki da gidajen abinci. Abokansa suna yi masa ba'a wai ya zama yaron motar matarsa. Ya ce aƙalla wannan uwar ɗakin ba ta hana shi kwana a gida.

Farkon kowane wata, kafin ta sayi ko gishiri, takan ware na hukuma ta kai da kanta. Masu gadin ofishin suka saba da ita. Wata rana ma ta zo da kayan aiki a jaka ta gyara musu fankar baranda, ta ce ba cin hanci ba ne, kunnenta ne ya gaji. Haka aka yi shekara guda da wani abu ba ta tsallake ba.

Sai ga shi a tsakiyar zafi, lokacin da ƙanƙara ta fi kowane lokaci tsada, taransifomar unguwar ta buga. Kafin ta mutu ta turo wuta mai ƙarfi ta ƙone mata injinan manyan firizoji uku. Janaretanta ƙarami ne, ya yi iya ƙoƙarinsa ya shiga tari shi ma ya kwanta. Kifin mutane ya fara wari tun kafin ta samu inda za ta kai shi. Matan suka zo suka tsaya cirko-cirko a bakin shago, wasunsu jarinsu ke nan gaba ɗaya a cikin kwando. Kuɗin hukuma na watan yana ƙulle a jakarta. Ta dube su, ta kwance ƙullin ta fara biya, ta ƙara da kuɗin da ta tanada na sayen inji. Mijin ya ja ta gefe ya tuna mata sharaɗin ofis. Ta ce ta sani, amma hukuma ba za ta kwana da yunwa yau ba, waɗannan kuwa za su kwana.

Wuta ba ta dawo da wuri ba. Wata ya wuce ba ta biya ba, na biyu ma ya bi shi. Wata safiya wasu ma'aikata suka zo da takarda mai jan hatimi suka liƙa a ƙofar shagon, mai cewa yarjejeniya ta rushe, za a nemi izinin yin gwanjo. Masu wucewa suna tsayawa suna karantawa. Dillali ya dawo yana zagaye layin, ya tsaya ya yi mata jaje mai tsawo, ya ce tayin mutuminsa yana nan, sai dai yanzu ya ɗan ragu. Ta ce ya gaida shi. Wata maƙwabciya ta ba ta shawarar ta yage takardar don kada ta kori masu saye, Injiniya ta ce a bar ta, ba ƙarya aka rubuta ba.

Ba ta jira a kira ta ba. Ta koma wurin Mai Tabarau ta faɗa masa abin da ya faru tiryan-tiryan, ba ta ƙara ba ta rage ba, ba ta kuma yi kuka ba. Ya ce ya ji labarin taransifomar, amma fayil ɗin ya fara barin hannunsa. Hanya ɗaya ce ta rage: a samu wani mai shago, wanda takardun harajinsa suke a tsabtace, ya tsaya mata, ta yadda in ta sake gazawa shi za a bi. In an samu haka kafin ƙarshen wata, zai iya roƙon na gaba da shi a sabunta yarjejeniyar.

Ta fito tana jujjuya mutanen da ta sani. Yawancin masu shagon layinsu, in aka ambaci haraji sai su canja magana. Ta san mutum ɗaya da ya dace, kuma shi ne wanda ba ta son zuwa wurinsa. Ta kwana da abin a rai, da safe ta shirya ta nufi kasuwar 'yan kayan mota.

Shagon Yaya ya rame. Kantocin da a da suke cike da kwalaye yanzu rabi wayam ne. Ya gan ta, ya nuna mata benci, suka gaisa kamar baƙi. Ta faɗa masa komai, har da biyan masu kifi. Ta ce ba ta zo ta ce ya yi kuskure a ranar taron ba, domin abin da ya ji tsoro shi ne ya faru. Ta zo ne ta roƙe shi ya tsaya mata, kuma in ya ƙi ba za ta riƙe shi a rai ba.

Yaya ya ajiye ƙarfen da yake gogewa. Ya tambaye ta ko injinan za su tashi. Ta ce biyu ta riga ta naɗe musu waya da hannunta, jiran wuta suke, na ukun sai an saya. Ya tambaya ko matan kifin za su dawo. Ta ce sun ce ranar da sanyi ya dawo suna bakin ƙofa, har da wasu sababbi da suka ji an biya asara. Ya jinjina kai. Ya jawo aljihun tebur ya fito da wata jakar leda cike da rasiɗai, a jere shekara bayan shekara. Ya ce tun ranar da ya buɗe shago bai taɓa bari shekara ta wuce ba, ko da bashi ne sai ya ci ya biya, saboda ya tashi yana ganin fuskar Inna duk sanda Baba ya ninke takardar nan.

"Ban yarda da dabararki ba har yanzu," in ji shi. "Amma ba zan zauna ina kallo a buga wa ɗakin Inna ƙararrawar gwanjo ba. Tashi mu je."

Ya rufe shagon da rana tsaka, abin da ba ya yi ko da zazzaɓi. Mai Tabarau ya duba rasiɗan ɗaya bayan ɗaya, ya ce da kowa haka yake da shi ya rasa aiki. Aka sabunta yarjejeniya, aka ɗora watannin da suka wuce a kan na gaba. A hanyar dawowa Yaya ya biyo ta shagon, karo na farko tun ranar taro. Shi ya ɓare jar takardar daga ƙofa da farcensa. Ya leƙa ya ga injinan a kwance a ƙasa, ya ce ya san wani mai kawo irinsu na hannu, zai yi masa magana ya ba ta bashi.

Wuta ta dawo, matan kifi suka dawo. Daga wannan karon Injiniya ta koyi ajiye kuɗin wata biyu a gaba, ta kuma sa na'urar da ke yanke wuta in ta yi yawa. Sauran shekarun ba su da wani labari sai aiki: tashi da asuba, ɗaukar buhu, sanyin da ya sa yatsunta suka fara ciwo, yara suna girma a tsakanin firizoji suna yin aikin makaranta a kan murfinsu. Duk farkon wata Yaya yakan bugo waya ya tambayi lafiyar Inna, ita kuma ta san abin da yake son ji, sai ta ce Inna lafiya, kuma an kai.

Ranar da ta kai biya na ƙarshe, Mai Tabarau ya riga ya yi ritaya. Wata matashiya ce a teburinsa, wadda ba ta san komai game da gidan ba. Ta buga hatimi, ta ba ta takardar saki, ta ce ta kai ofishin filaye a goge alamar da ke jikin rajista, ta kira na gaba. Injiniya ta tsaya a baranda ta ɗan ji wani iri, don ta so a ce akwai wanda zai ce mata sannu. Ta ninke takardar ta sa a jaka, ta tsaya a hanya ta sayi nama ta kai gida.

Aka kira masu kima kamar yadda aka yi alkawari. A 'yan shekarun nan an shimfiɗa kwalta a babban titin da ke kusa, gidan ya ƙara daraja, ma'ana abin da za ta biya 'yan uwanta ya ƙaru. Mijin ya ɗan yi gunaguni, ya ce wahalarta ce ta tsare gidan har ya kai haka. Ta ce magana ɗaya aka yi a gaban Kawu, ba za ta zama biyu ba. Ta fara sallamar Auta, ya sayi motarsa, har yanzu in ya biyo ta layin sai ya danna hon ya tsaya a cika masa kula kyauta. Na Yaya ya ɗauki lokaci. Yakan zo da kansa ya karɓa, ya ƙirga a gabanta, su yi gardama a kan farashin inji, ya shiga wurin Inna ta ƙofar shago. Ba su zama aminai ba, dama can ba haka suke ba, amma kantocinsa sun sake cika. Inna ta ƙarasa rayuwarta a ɗakin da aka kawo ta tana amarya.

Yanzu Injiniya ta fara furfura. 'Yarta ta biyu ce ke riƙe da kuɗin shago, ita kuma ta fi zama a wajen gyara, don ta ce ƙanƙara kowa ya iya ƙullawa. Wani aiki kuma ya same ta wanda ba ta nema ba. Tun da aka ga jar takarda a ƙofarta aka kuma ga gidan bai tafi ba, duk wanda irin wannan ta same shi a unguwar wurinta yake fara zuwa. Kwanan baya mai gidan burodin ƙarshen layi ne ya shigo, dattijo mai yawan barkwanci, amma ranar bakinsa ya mutu. Ya ce an liƙa masa, kuma wani ya ce ya san wanda za a ba wani abu fayil ya ɓace. Tana tsugune a bayan wata firiza tana ɗura mata gas, ba ta ko ɗago ba. Ta tambaye shi abin da yake samu a wata in ya cire kuɗin fulawa da na ma'aikata, ya faɗa, ta ce ya sake faɗa na gaskiya. Ya yi dariya ya faɗi wani. Ta ce to zai iya, ya bar maganar ɓatar da fayil, ya tattaro duk takardun da yake da su.

Ya tambaya ko za ta raka shi. Ta ce ya zo da safe bayan ya fitar da burodin farko, kuma ya karya kumallo tukuna, don layin ofishin yana da tsawo.